Keke Mara Feda: Yadda Ake Zaɓar Wa Ƙaramin Yaro Wanda Ya Dace Da Shi

Keke mara feda ƙaramin keke ne mai taya biyu, ba shi da feda, ba sarƙa, ba kuma 'yan tayoyin nan biyu da ake ɗaura wa keken yara a baya don kada ya faɗi. Yaro zai zauna a kan sirdi, ƙafafunsa biyu a ƙasa, ya riƙa tura kansa. Da farko tafiya kawai yake yi da keken a tsakanin cinyoyinsa, daga baya ya fara gudu, wata rana sai a ga ya ɗage ƙafafu keken na tafiya da shi. Ran da ya yi haka ya gama da abin da ya fi wuya a hawan keke, wato riƙe kansa a kan taya biyu. Taka feda ba ya ɗaukar lokaci idan wannan ya zauna.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Keken da Bajamushe Karl von Drais ya ƙera a birnin Mannheim a 1817 da ƙafa ake tura shi. A 1997 wani Bajamushen, Rolf Mertens, ya dawo da ita ga yara da keken katako mai suna LIKEaBIKE, sannan kamfanin Strider da aka kafa a Amurka a 2007 ya ƙara yaɗa ta.

Abin da ya sa muke fifita shi a kan mai tayoyin taimako shi ne, keke sai ya ɗan kwanta gefe yake shan kwana, tayoyin taimako kuwa hana shi kwanciya suke yi. Yaro sai ya saba jingina nauyinsa a kansu, ran da aka cire kuma a koma farko. Ga shi a lungun da ke da ramuka tayoyin biyu kan hau tudu su bar tayar baya a sama tana juyawa a banza. Wani bincike da masana daga ƙasar Fotugal suka wallafa a 2022 ya gano cewa yaran da suka fara da keke mara feda sun iya tuƙa keke su kaɗai suna da shekara 4 da 'yan watanni a matsakaici, waɗanda suka bi ta tayoyin taimako kuwa sai da suka kusa shekara 6.

A auna ƙafar yaro kafin a tafi kasuwa

Yawancin kekunan da aka saya yaro ya ƙi hawa, ba rashin kyau ne ya sa ba, tsayi ne ya yi masa yawa. Abin da aka rubuta a jikin kwali, "shekara 2 zuwa 5", bai isa hujja ba, don yara biyu da aka yi sunansu rana ɗaya kan bambanta da santimita 4 ko 5 a tsawon ƙafa. Awon da ake bukata shi ne daga ƙasa zuwa matsematsin yaron.

Ga yadda ake yi. A sa wa yaro takalmin da zai riƙa hawa da shi, in yana sa famfas a bar masa, don shi ma yana cin wuri. A tsayar da shi ya jingina da bango, ƙafafunsa a ɗan buɗe. A ɗauki littafi mai ƙarfin bango a sa a tsakanin cinyoyinsa, a ɗaga shi a hankali har ya taɓa matsematsi kamar yadda sirdi zai taɓa, a tabbata bai karkace ba. Sai a auna daga ƙasa zuwa saman littafin da tef irin na tela. A maimaita sau biyu, don yara ba sa tsayuwa wuri ɗaya, wani ma ɗage dugadugai yake yi da ya ji littafin.

Daga abin da aka samu a cire santimita 2 zuwa 3. Nan ne tsayin da sirdi zai tsaya ga mai farawa. Idan awon ya ba da 32, ana neman keken da sirdinsa ke sauka zuwa 30 ko ƙasa da haka. Dalili shi ne, a keke mara feda ƙafa ce injin, ita ce kuma birki. Dole tafin ƙafa ya kwanta a ƙasa gaba ɗaya, gwiwa ta ɗan lanƙwashe, sannan yaro zai sami abin da zai tura da shi. Idan da yatsu kawai yake taɓa ƙasa ba zai iya turawa ba, ba zai iya tsayawa ba, kuma duk lokacin da keken ya karkata tare za su faɗi. Faɗuwa biyu ko uku a makon farko sun isa su sa ɗan shekara biyu ya tsani keken. Saukar da sirdi ƙasa ainun ma ba gwaninta ba ce: gwiwoyi sukan takure, takunsa ya zama gajere, ya gaji da wuri, sai a ga ya miƙe tsaye yana jan keken maimakon ya zauna.

Saboda haka lambobi biyu ake tambaya a kowane keke: iyakar saukar sirdi da iyakar hawansa. Ta farko ita ke nuna ko yaro zai iya hawa yau, ta biyu kuma ita ke nuna tsawon lokacin da keken zai yi masa. A nemi wanda zai iya hawa aƙalla santimita 6 zuwa 8 sama da inda za a fara. Misali, sirdin Strider 12 Sport yana tashi daga santimita 28 zuwa 48 idan an haɗo shi da sandar sirdi biyu, gajere da doguwa, a haka yakan kai yaro daga wajen wata 18 har kusan shekara 5. Akwai kuma kekuna masu girman taya iri ɗaya da shi waɗanda sirdinsu ba ya sauka ƙasa da 35, kun ga ke nan girman taya kaɗai ba ya faɗin komai.

Duk da haka a san girman tayar. Inci 12 shi ne na gama-gari, kuma shi muke ba da shawara ga yawancin yara daga shekara 2 zuwa 4. Mai inci 10 yana yi wa ƙaramin yaro ɗan wata 18, amma ana saurin fin ƙarfinsa, kuma ƙaramar taya ta fi maƙalewa a rami ko yashi. Mai inci 14 na yaron da ya fara a makare ne, ko mai tsawo, wanda awonsa ya kai wajen 40. Su kuwa 'yan kekunan nan masu taya uku ko huɗu na roba da ake saida wa 'yan shekara ɗaya, abin wasa ne na tsakar ɗaki. Ba laifi a saya, amma ba sa koyar da riƙe kai a kan taya biyu, don da kansu suke tsayuwa.

Maganar "a sayi babba zai girma da shi" tana yi a riga da wando. A nan ba ta yi. Keken zai yi wata shida jingine a bango, lokacin da ƙafar yaron za ta kai kuma ya riga ya sa a ransa cewa abin faɗuwa ne.

Nauyi

Ka'idar da masu harkar suke bi ita ce kada keken ya wuce kashi 30 cikin 100 na nauyin yaron. Ɗan shekara 2 yakan kai wajen kilo 12, kekensa ke nan kada ya haura kilo 3 da rabi. Ɗan shekara 3 mai kilo 14 zai iya da mai kilo 4. Kilo ɗaya a hannun babba ba komai ba ne, amma yaron da zai ɗaga keken daga ƙasa sau ashirin a yini, ya juya shi a lungu, ya haura da shi dokin ƙofa, shi ya san bambancin. Kuma a tuna, idan ya gaji a hanya uwa ko uba ne za su ɗauko keken da hannu ɗaya, yaron a ɗaya hannun.

Nauyin daga abin da aka ƙera jikin keken yake zuwa. Alminiyam ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, ya fi tsada. Ƙarfe ya fi araha kuma mai walda zai iya gyara shi, amma yana tsatsa idan fenti ya kankare, kuma masu arahar cikinsu kan kai kilo 5. Ba duka ba dai: Strider ɗin da aka ambata na ƙarfe ne siriri, kilo 3 ne. Na katako yana da kyan gani, sai dai sirdinsa a 'yan ramuka uku ko huɗu kawai yake tsayawa, ba a iya daidaita shi yadda ake so, ga ruwan damina da ke kumbura shi, ga zafin bazara da ke tsattsaga shi, ga gara idan an ajiye a ƙasa. Na roba zalla kuwa a matsa shi da hannu a gani. Idan jikinsa na lanƙwasa, a bar shi.

A duba kuma fasalin jikin. Tsakiyarsa ta zama ƙasa-ƙasa yadda yaro zai ƙetara da kansa ba tare da an ɗaga shi ba. Tsakanin sirdi da kan keke ya zama da fili, don idan ya fara gudu gaba yake sunkuyawa. Keken da aka matse tayoyinsa kusa da juna, aka ɗora sirdi can sama a kan tayar baya, yana da rawar kai kuma yana saurin kifewa.

Taya: soso ko iska

A nan ne ya kamata a daɗe ana tunani, don amsar ta dogara da ƙasar da yaro zai taka.

Tayar soso, wadda ake yi da wani irin soso mai tauri, ba ta faci har abada, ba a yi mata iska, kuma ita ce ta fi rashin nauyi. Aibinta uku ne. Ba ta riƙe ƙasa sosai, tana zamewa a kan tayil, siminti mai santsi ko wurin da aka zubar da ruwan wanki. Ba ta shanye girgiza, duk dutsen da ta taka yaro zai ji shi a hannu da baya. Sannan tana cinyewa, musamman a kan kwalta mai kaushi, kuma idan ta cinye ba a sauya ta ita kaɗai, sai dai a sauya wilin gaba ɗaya, wanda ba lalle a same shi a kasuwa ba. Rana ma tana busar da ita idan ana barin keken a waje.

Tayar iska irin ta babban keke ce, da tib a ciki. Ta fi riƙe ƙasa, ta fi laushi, ta fi dacewa da hanyar da ba kwalta, da tsakuwa, da burji. Tana ƙara nauyi kaɗan, kuma tana faci. A unguwannin da ake da tsidau, ƙayar aduwa ko ta bagaruwa, ko ƙusoshi da fasassun kwalabe a bakin hanya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya zaɓe ta ya sayi tib ɗaya na ajiya tun ranar, girman da ake rubutawa 12½ x 2¼, iri ɗaya ne da na ƙananan kekunan yara masu feda, don haka masu kayan keke sukan ajiye shi. Ana iya zuba ruwan toshe huji a cikin tib ɗin, yana maganin ƙananan ƙayoyi.

Abubuwa biyu game da iska. Na ɗaya, a duba bawul: a ƙaramin wili wurin ya matse, bakin famfo ba ya shiga idan bawul ɗin a miƙe yake, shi ya sa kekuna masu kyau suke zuwa da lanƙwasasshe. A gwada sa famfo tun a shago. Na biyu, idan an kai wa mai faci a gaya masa ya yi a hankali, ko ya yi da famfon hannu. Injin da yake cika tayar mota da shi yana cika wannan ɗan tib ɗin cikin daƙiƙa biyu ko uku, ya fasa shi. An rubuta iyakar iskar a gefen tayar, kuma yaro mai kilo 12 ba ya bukatar a kai wannan iyakar. Idan aka danna da babban yatsa ta ɗan lotsa kaɗan, ta yi.

A ganinmu, yaron da bai kai shekara 2 da rabi ba, wanda hawansa a tsakar gida ne ko harabar da aka shimfiɗa wa siminti, tayar soso ta ishe shi, rashin nauyin ya fi masa amfani. Wanda ya haura haka kuma zai riƙa fita fili ko layin unguwa, a saya masa mai iska. Tayar roba mai ƙwanƙwasa, irin ta motar wasa, ba ta da wurin da ta dace da shi.

Birki da ƙananan abubuwan da ake mantawa

Ɗan shekara 2 da ƙafa yake tsayawa ko da an sa masa birki, hannunsa bai kai ba, hankalinsa ma bai kai ba. Daga wajen shekara 3, lokacin da gudu ya ƙaru, birki yana da amfani sosai: yana rage cin takalmi, yana taimako a gangara, kuma yaron zai isa ga keke mai feda ya riga ya san aikinsa. Idan keken zai daɗe a hannunsa, ko unguwar na da gangara, a nemi mai birki. Woom 1 na ƙasar Ostiriya misali ne na mai inci 12 da ya haɗa tayar iska da birkin hannu kuma nauyinsa bai wuce wajen kilo 3 ba.

Birkin na tayar baya ya zama, ba na gaba ba, don na gaba idan yaro ya damƙe shi da ƙarfi yakan wuntsila shi ta kan keken. A gwada hannun birkin da ƙaramin yatsa kaɗai. Idan babba bai iya matse shi da ɗan yatsansa ba, yaro ba zai iya da hannunsa duka ba. A ga kuma ko yatsun yaron suna kaiwa ba tare da ya saki kan keken ba. Masu kyau suna da ɗan noti da ake matso da hannun birkin kusa. Birkin da aka ɗauko na manya aka ɗaura wa keken yara ado ne kawai.

Robar da ake riƙewa a kan keke ta kasance mai kumburi a ƙarshe. Wannan kumburin yana kare hannu idan an goga bango, yana kuma rufe bakin bututun ƙarfen, wanda idan ya fito fili yana iya yi wa yaro mummunan rauni a ciki ko fuska lokacin faɗuwa. Duk ranar da robar ta yage a sauya ta kafin a sake hawa.

A shafa notin da ke riƙe tayar baya da hannu. Ƙafar yaro kusa da shi take wucewa a kowane taku, idan ya tsiro waje kuma yana da kaifi zai riƙa kankare masa idon sawu. A nemi mai zagayayyen kai ko mai murfi. Haka wurin ɗora ƙafa: ba dole ba ne, yara da kansu suke ɗage ƙafa, kuma wanda ya faɗaɗa ya fito gefe dukan ƙwauri yake yi. Idan akwai shi, ya zama siriri a ƙarƙashin sirdi.

A ɗaga keken a juya kowace taya da hannu. Mai boris na kirki za ta daɗe tana juyawa shiru. Wadda roba ce kawai a kan ƙarfe za ta yi zagaye biyu ta tsaya, kuma ƙurar hunturu na shiga ta fara ƙara. Wasu kekunan suna da abin da ke hana kan keke juyawa har ƙarshe. Yana taimakon mai farawa, amma ba abin da za a ƙi keke saboda rashinsa ba ne, in ma akwai shi an fi son wanda ake iya cirewa daga baya.

Wurin ciniki

In da hali a tafi da yaron. A sauke sirdi, a ɗora shi, a dubi tafin ƙafarsa da gwiwarsa, a bar shi ya yi taku biyar, a kwantar da keken a ga ko zai iya ɗaga shi. In ba hali, a tafi da tef da lambar da aka auna, a auna daga ƙasa zuwa tsakiyar saman sirdi da hannunku. Kada a dogara da "zai yi masa" na mai shago, bai ga yaron ba. A dubi walda, ta zama a jere ba ramuka. A tsaya a gaban keken a ga ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. A riƙe tayar gaba a tsakanin gwiwoyi a murɗa kan keken, bai kamata ya juya shi kaɗai ba. Alamar CE ko EN 71 a jiki tana nuna an yi shi bisa ƙa'idar kayan wasan yara ta Turai, amma tun da ana buga ta a jabu ma, ba ta ɗauke wa mai saye dubawa da idonsa.

Na hannu, irin wanda ake shigowa da shi daga Turai, sau da yawa ya fi sabo mai araha, don yara kan fi ƙarfin waɗannan kekunan tun ba su tsufa ba. Sai dai a kwance sandar sirdi a ga tana hawa tana sauka, don takan ci tsatsa ta maƙale, kuma keken da sirdinsa ya maƙale ya tashi daga aiki. A nemi tsaga a kusa da walda, musamman wajen wuyan keken. A juya wili a ga ko yana rawa. In tayar soso ce a duba ko ta cinye ta zama sumul. In samfurin mai sanda biyu ne a tambayi doguwar, galibi ita ce ke ɓata.

A intanet, a Jumia ko Jiji ko wurin masu talla a Facebook da Instagram, da sunan balance bike ake samunsa. Saye daga hoto cinikin biri a sama ne, don haka kafin a tura kuɗi a nemi mai sayarwa ya ɗora tef a jikin sirdi a sauke, ya ɗauki hoto, ya kuma faɗi nauyin keken shi kaɗai ba da kwali ba. A tambayi irin tayar, a tambayi ko ana karɓar kaya idan bai yi ba. Wanda ya kasa ba da waɗannan amsoshin a nemi wani.

Akwai masu tambaya ko ba za a cire wa keken da ke gida feda kawai ba. Ga yaro ɗan shekara 4 ko 5 dabara ce mai kyau: a cire tayoyin taimako, a kwance feda biyu da sifana mai lamba 15, a sauke sirdi. A tuna fedar hagu a juye zarenta yake, zuwa dama ake murɗa ta ta kwance. Ga ɗan shekara 2 kuwa ba ta yi, don irin wannan keken yakan ninka mara feda nauyi, sirdinsa ba ya sauka sosai, kuma ƙarafan da fedar ke jiki suna nan suna dukan ƙafa.

Hular kwano da sutura

A sa kuɗin hular kwano a cikin lissafi tun farko. A zagaya tef a kan yaron, ɗan sama da gira, yawancin 'yan shekara 2 zuwa 3 suna tsakanin santimita 47 da 50. A nemi mai alamar inganci ta EN 1078 (ta Turai) ko CPSC (ta Amurka), mai abin matsewa a ƙeya. Ta zauna daidai a kai, ba ta koma ƙeya ba, tsakaninta da gira yatsa biyu, igiyar haɓa kuma yatsa ɗaya kawai ke shiga. Hula kam ba a sayen ta hannu, don wadda ta taɓa buguwa takan tsage ta ciki ba a gani. A cire masa ita idan ya sauka zai hau bishiya ko lilo, igiyar na iya maƙalewa.

Takalmi ya zama rufaffe. Silifas yana fita, yatsu su goga ƙasa, tun da ƙafa ce birki. Doguwar riga, jallabiya ko dogon hijabi suna shiga tayar baya, a sa wa yaro ko yarinya wando da riga gajeriya lokacin hawa.

Haɗawa da kwanakin farko

Wanda ya zo a kwali yawanci kai da sirdi kawai ake ɗaurawa, da alanki mai lamba 4, 5 ko 6. A jikin sandar sirdi da ta kai akwai layin da aka zana, kada a zaro su har layin ya fito, in aka wuce shi sandar na iya karyewa ko ta fasa bututun. A daidaita kai da tayar gaba, a ɗaure sosai, a shafa ɗan giris a sandar sirdi don kada ta maƙale. A sake bin notuna bayan mako ɗaya, sannan duk wata. Duk wata biyu ko uku a dubi gwiwar yaron, in ta fara takurewa a ɗaga sirdin da santimita ɗaya. A ajiye keken a inuwa: baƙin sirdi da ya sha ranar Afrilu yana ƙona cinya.

A fara a wuri shimfiɗaɗɗe, nesa da murhu, rijiya, kwata, matakala da ƙofar da ke fita titi. Wannan na ƙarshen a ɗauke shi da gaske, don yaron da ya iya yana gudun da babba sai ya ruga kafin ya cim masa, kuma mai babur ko Adaidaita ba ya hango shi saboda gajartarsa. Kada a riƙe masa kan keken, yin haka na hana shi jin yadda keken ke karkata. In yana bukatar taimako a dafa bayansa ko a riƙe rigarsa. Wani yaron yakan yi makonni yana tafiya a tsaye bai zauna ba, a ƙyale shi, minti goma a rana ya isa. Idan ya fara zama yana gudu, a kai shi wuri mai 'yar gangara kaɗan wadda ta ƙare a fili, a nan ne yawanci suke fara ɗage ƙafa.

Idan ya kai yana ɗage ƙafa ya yi tafiya mai ɗan nisa, yana shan kwana a haka, yana kuma tsayawa inda aka ce ya tsaya, ya isa keke mai feda. A saya masa mara nauyi, a ce wa mai shago kada ya ɗaura tayoyin taimako, a sauke sirdi yadda ƙafarsa za ta taɓa ƙasa a kwanakin farko. Mara fedar kuma kada a yi saurin ɗauke shi, yara da yawa sukan haɗa biyun na wasu watanni. In za a ajiye wa ƙane, a wanke shi, a shafa giris a sandar sirdi da notuna, a rataye shi a ɗaki yadda tayoyin ba sa taɓa ƙasa.